Ba Don Safa Ake Saƙa Safa Ba

Duk wanda ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa, zai ce mai saƙa safa da hannu tana bukatar addu'a. Safar babban mutum guda ɗaya, in da siririn zare aka yi ta, tana cin madauki 60 zuwa 64 a kowane zagaye, zagayen kuma ya kai 200, wato madauki sama da 12,000 kafin a rufe bakin yatsu. Ga shi Allah ya yi ɗan Adam da ƙafa biyu, sai a ninka. Dunƙulen ulu mai giram 100, wanda tsawon zarensa ya kusa mita 400, shi ke ƙarewa a ƙafafun nan. Alhali ga yaro can a bakin tasha yana yawo da safa a tire, ga gwanjo jibge a Ƙofar Wambai ta Kano, kuɗin da ba su isa sayen ulun ba ma sun ɗauko ƙafa uku. Ba kuma yau inji ya ƙwace aikin ba. Tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a kusa da Nottingham ta Ingila. Sama da shekara 400 ke nan da hujjar saƙa safa da hannu ta faɗi, amma daga Jos har Landan ba a fasa ba. Abin da nake gani shi ne, masu wannan aiki ba safa suke nema ba, kuma ba wata shaida da ta fi halayensu nuna haka.

A fara da mai safa ɗaya, domin ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi tona asirin sauran. Wannan baiwar Allah takan kama safar farko da zumuɗi, ta hana kanta barcin rana, ta sauko daga ƙwauri, ta iso dunduniya inda ake gane gwana da 'yar koyo, ta juya ta lafiya, ta rufe yatsu, ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawaye. Daga nan sai jiki ya mutu. Ta biyun ba ta da wani sabon labari: madaukin jiya ne, launin jiya, dunduniyar jiya. Sai ta ce bari ta ɗan huta da hular jariri, daga hula ta faɗa mayafin kujera, daga nan ta ga wani sabon salo a waya. In ka buɗe jakarta za ka tarar da safa ja guda, shuɗiya guda, mai ratsi guda, kowace tana zaman jiran 'yar uwa. Masu saƙa na Turai har suna suka raɗa wa wannan lalura, suna kiranta ciwon safa ta biyu, kuma sun ƙirƙiro dabarar saƙa biyun lokaci guda a kan doguwar kibiya don maganinta. A gidan tarihi na British Museum akwai wata safar yaro mai ratsin launuka, ta ƙafar hagu, wadda aka tono daga juji a tsohon birnin Antinopolis na Masar, an yi ta wajen shekara ta 300 miladiyya. Ita kaɗai ce. Masana za su ce ta daman ɓacewa ta yi. Wanda ya zauna da masu saƙa yana da nasa zaton. Da a ce sanyin ƙafa ne ya sa mai safa ɗaya ɗaukar kibiya, da ba ta tsaya a rabi ba. Abin da ta fito nema shi ne ta ga ko za ta iya, ta kuwa gani.

Sai uwar ulu. Ita saƙar ma ba ta dame ta sosai ba, sayen zaren ne ibadarta. Ba ta wuce shagon kayan saƙa ba tare da ta leƙa ba, in ta leƙa kuwa sai ta tuna cewa irin wannan ruwan ƙwai ba kullum ake samunsa ba. Akwai ulu a ƙarƙashin gado, akwai a cikin kwallar da aka yi mata jere da ita, akwai a saman sif inda maigida ba ya dubawa. In ka tambaye ta me za ta saƙa da wannan, sai ta ce ai zai yi amfani. Ulun da ta tara ya fi ƙarfin sauran shekarunta ko da za ta kai ɗari, ita ma ta sani, amma gobe in an kawo sabon kaya da ita za a buɗe dila.

Kishiyarta a hali ita ce mai warwara. Wannan dunƙule ɗaya ya ishe ta shekara. Za ta kai rigar sanyi har hammata, sai ta hango madauki guda da ya karkace can ƙasa kusa da ƙugu, inda ko mai rigar ba zai taɓa gani ba, ta zare kibiya ta ja zare, aikin mako biyu ya koma dunƙule cikin minti biyar. Mutanen gida su yi salati, ita ko a jikinta. A nan ma dubi abin da hali ke faɗa. Mai neman riga ba ya rushe riga saboda aibin da ba a gani. Mai warwara ta samu wuri guda a rayuwarta inda kuskure ke gyaruwa gaba ɗaya, ba tabo, ba bahasi, ba wanda za a ba haƙuri. Tuwo in ya yi gudaji ya yi, magana in ta fita ta fita, amma saƙa ana komawa baya. Ina ganin da yawa daga masu yi mata dariya, da za su samu irin wannan dama a harkokinsu, da sun fi ta warwara.

Mai ƙidaya ba ta bukatar dogon bayani, duk gidan da take an san ta. Leɓenta na motsi, idonta na kan kibiya, ka yi sallama ta ɗaga maka yatsa, ka sake magana ta ɗaga murya: talatin da bakwai, talatin da takwas. Da jakarta take zuwa layin awo a asibiti, da ita take zuwa gidan biki, kuma ita kaɗai ce ba ta ƙorafi in mota ta lalace a hanya.

Wadda ta fi ban tausayi, ta kuma fi ban dariya, ita ce mai kyauta. Da ta ji an ce wance na da ciki, ta sayo ulu fari da ruwan hoda, ta ƙudura cewa ranar suna jariri zai fito cikin hula da safa da riga da mayafi duk na hannunta. Ranar suna hula kaɗai ta kammala. Ranar arba'in an samu safa, sai dai ƙafar ta riga ta wuce ta. Mayafin yakan iso wajen yaye, a karɓa da godiya a ajiye wa ƙani. Wata kuma takan gama a kan kari, amma ta manta cewa haihuwar a watan Afrilu za ta faɗo, sai ga jariri a Sakkwato cikin rigar ulu yana gumi, uwar na murmushin dole don kada Inna ta ji ba daɗi. Mai kyauta ba ta mantuwa. Bayan shekara uku za ta tambaya ina rigar nan, kuma tana lura da wanda ya sa da wanda ya jefa ƙasan akwati. Za a iya cewa ai ga wadda take saƙa don amfani, hujjata ta rushe. Ba ta rushe ba. Kayan jarirai na kanti sun cika kasuwa, sun fi araha, sun kuma zo daidai jiki. Abin da take miƙawa shi ne kwanakin da ta zauna tana tuna yaron tun bai zo duniya ba, shi ya sa rashin sa rigar ke yi mata zafi fiye da kuɗin ulun.

Akwai kuma malama, wadda ba ta iya ganin saƙa a hannun wani ta yi shiru. Riƙon zarenki ba daidai ba ne, kin cika ɗaurewa, ba haka aka koya mana a ajin koyon sana'a ba. Malamai sun rabu ɗariƙa biyu, 'yan kibiya da 'yan kwarashi. 'Yan kibiya na ganin kwarashi aikin masu gaggawa ne, 'yan kwarashi na cewa mai bukatar sanda biyu don yin abin da ɗaya ke yi ba ta da abin alfahari. Ba a taɓa sasanta su ba, ba kuma sa son a sasanta.

Namiji mai saƙa shi ne ke rufe ƙofa kafin ya ɗauko jakarsa, kuma ɓoyon nasa ba shi da tushe. A Turai ta da, saƙa sana'ar maza ce mai ƙungiya da sharuɗɗan shiga. Birnin Paris ya samu ƙungiyar masu saƙa tun 1527. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca a ƙasar Peru, har yau maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara ake koya musu, kuma UNESCO ta karrama sana'ar zaren tsibirin a 2005. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, an ga ɗan wasan Birtaniya Tom Daley zaune cikin 'yan kallo yana saƙa, har jaka ya yi wa lambar zinaren da ya ci. Mu nan kuwa, wa ke zama a ƙofar gida da allura yana ɗinkin hula wata guda cur? Wa ke aikin wuyan babbar riga? Masaƙa da marina ai yawancinsu maza ne. Gemun da bai zube don allura ba, ban ga dalilin da zai zube don kibiya ba.

Nau'i na ƙarshe ba ya saƙa ko kaɗan, amma ba a raba shi da masu yi. Shi ne ɗan a-saƙa-min, wanda da ya ga aiki a hannu zai miƙo ƙafa ya faɗi launin da yake so, da yayarsa mai cewa, ke kuwa me zai hana ki riƙa sayarwa? Wannan tambaya ta biyu ita ce babbar suka, kuma ba ta wasa ba ce. A ƙasar da abinci ya yi tsada, ana ganin duk hannun da ya iya wani abu ya kamata ya kawo kuɗi, ga kuma mata da yawa da saƙa ta rufa wa asiri, masu injin da ke yi wa makarantu rigunan sanyi da masu kayan jarirai na sayarwa. Allah ya ƙara musu kasuwa. Sai dai a yi lissafin safar hannu. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato wajen naira 400 a awa. A ce ta hagu da ta dama sun ci awa 20, ladan hannu kaɗai ya tashi naira 8,000, ba a sa kuɗin zare ba. Wa zai saya? Ranar da aka tilasta wa mai safa ɗaya ta gama ta biyu saboda mai kaya na waya, aka hana mai warwara warwara saboda lokaci, an raba su da abin da ya kawo su, ba a kuma ba su riba ba. Masu wannan suka ba sa tambayar ɗan dara nawa ya samu a gindin bishiya, ko mai zuwa gidan kallon ƙwallo me Arsenal ta biya shi. Mace ce kawai in ta zauna da abin da ke faranta mata rai sai an nemi ta kawo rasit. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, to wannan aikin ma nata ne na kanta.

Gaskiya ne akwai lokacin da saƙar hannu ta zama larura. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojoji na kwana cikin ramuka masu ruwa ƙafafunsu na ruɓewa, sai aka shiga gangamin saƙa. Mutanen Ostireliya kaɗai sun aika safa sama da ƙafa miliyan ɗaya. Har yau dabarar rufe yatsun safa ba tare da tudun ɗinki ba tana ɗauke da sunan Lord Kitchener, wanda 'yan uwanmu na Sudan suka sani da wani aikin daban a yaƙin Omdurman na 1898. Yaƙi ya ƙare, larura ta wuce, masu saƙa ba su ajiye kibiya ba. Wani binciken da aka buga a Birtaniya a 2013, wanda ya ji ta bakin masu saƙa 3,545, ya samu cewa waɗanda suka fi yawan yi sun fi faɗin cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Mai suka zai ce ai masu son abin aka tambaya, me ake jira su ce? Haka ne, kuma ba na kafa shi hujjar cewa saƙa magani ce. Abin da ya tabbatar ya ishe ni: da aka tambaye su abin da suke samu, natsuwa suka ambata.

Saura masu cewa ƙasarmu ta zafi ce, silifas muke sawa, me za a yi da safar ulu. Wanda ya fita sallar asuba a Jos ko Gembu cikin Janairu, ko hunturu ya tsaga masa dunduniya a Katsina, shi zai ba su amsa. In kuwa aka yi sa'a wata daga cikin waɗannan bayin Allah ta kai ƙarshen ƙafa biyu ta miƙo maka, ka sa su ranar da za ta gan ka, kada ka tambayi nawa ta kashe. Ka dai tambaye ta irin zaren: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu na roba ne, yana jure wanki, amma in gashin tumaki ne na gaske, ruwan zafi da cuɗa za su mayar da safar babba ta ɗan yaye. A wanke da ruwan sanyi, a shimfiɗa a inuwa.