Akuyar Maƙwabci da Dokar Musa

Mu nan Godogodo da wuya damina ta wuce ba a yi maganar akuya ba. Ta tsinke igiya, ta faɗa gonar maƙwabci, ta cinye masarar da ta fara kai gwiwa, kafin la'asar labari ya gama unguwa. Abin da muke yi kuma sananne ne. Ba ma rugawa kotu a Kafanchan. Mai gona yakan fara samun mai akuya su biyu kawai. In ba su daidaita ba, ya kira mutum ɗaya ko biyu su je su ga ɓarnar da idonsu. In abin ya ƙi ci, sai gaban dattawan ikilisiya ko mai unguwa.

Ran nan bayan sujada maganar ta taso a inuwar mangwaro. Wani saurayi ya ce ai wannan al'adar kakanni ce kawai. Wani dattijo da ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Kagoro ya ce masa, "Ɗana, kakanni sun yi nasu, gaskiya ne. Amma je ka buɗe Matiyu sura 18, za ka tarar da matakan nan uku a jere. Shaidu biyu ko ukun da Yesu ya ambata kuwa, daga Maimaitawar Shari'a sura 19 ya ɗauko su, inda aka hana a kama mutum da laifi a kan bakin mutum ɗaya."

Saurayin ya ce, "To Baba, ba an ce mu muna ƙarƙashin alheri ba? Me ya haɗa mu da dokar Yahudawa?"

Nan wata uwa ta zumuntar mata ta karɓe zancen. Ta ce ita abin da ke damunta ke nan: da an ci wa gwauruwa gona, sai a yi mata caa da "Mama, yi haƙuri, ki yafe," mai akuya kuwa ya kaɗa rigarsa ya tafi. Haƙurin zai cika mata rumbu? Ni dai ina bayanta. Fitowa sura 22 ba ta bar wannan a duhu ba: wanda dabbarsa ta ci gonar wani, daga mafi kyawun amfanin gonarsa zai biya, ba daga ƙaiƙayi ba. Wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar, huɗu zai mayar. Shi ya sa da Zakka, mai karɓar harajin Yariko, ya tuba a Luka sura 19, bai tsaya kan hawaye ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Lissafin Musa ya bi, Yesu kuma ya yi murna da shi. Saboda haka idan dattawanmu suka ce wa mai akuya ya auno mudu kaza kafin a yi addu'ar sulhu, ba rashin ƙauna ba ne.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san irin wannan shari'a. A Suratul Anbiya akwai labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suna hukunci kan tumakin da suka shiga gona da dare. Shi ya sa idan manomi da ardo suka zauna da zuciya ɗaya, kimanta ɓarna ba ya yi musu wuya.

Inda murya ta yi ƙasa shi ne da aka zo kan 2016. A watan Maris na shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda ta haɗa al'ummomin ƙananan hukumomin Jema'a, Sanga, Kaura, Kachia da Zangon Kataf. A watan Oktoba kuma 'yan bindiga suka afka wa Godogodo, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje. Wanda ya binne nasa ba a gaya masa zafin abin. Dattijon ya ce a lokacin samari da yawa sun zo masa da dokar nan ta ido da haƙori. Ya gaya musu an ba alƙalai ita ne don kada hukunci ya wuce ɓarna, ba a ba wanda ke cikin fushi don ya ɗauki adda ba. Yesu ma a Matiyu sura 5 ya rufe ƙofar ramuwa. Ya kuma tuna musu Maimaitawar Shari'a sura 24, wadda ta hana a kashe ɗa don laifin uba ko uba don laifin ɗa. Yaron da ka gani yana kiwo a bakin rafi, wane shaida ya ce shi ne ya sa wuta?

Uwar nan ta gyaɗa kai, amma ba ta saki tata maganar ba. Ta ce, "Baba, mun ji, ba mu rama ba. Amma surar nan ta Fitowa ta yi maganar wuta ma, wanda ya kunna shi zai biya. Ranar Lahadi ka sa fasto ya karanta mana wannan ɗin a gaban kowa."