Daga Kausani Zuwa Birni: Wace Unguwa Za Ka Sauka?

Tsakanin Wudil da Kano tafiyar kilomita 40 ce da 'yan kai, shi ya sa mutumin Kausani ta ƙasar Wudil kan shiga birni da hantsi, ya dawo ya ci tuwon gidansa. Amma wata rana kwana kan kama: likita ya ce a zo da asuba, ko kaya ba su haɗu ba, ko biki ya zarce dare. Ranar ce za ka gane abin da ya sa ake ce wa Kano tumbin giwa. To ɗan'uwa, matso ka ji.

1. Buƙatarka ce za ta zaɓa maka masauki. In Asibitin Malam Aminu Kano za ka, lalubo danginka na Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni ko Unguwa Uku, ko da rabonku da gaisawa tun sallar bara. In sarin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, Fagge ce taka, ga Singa da Sabon Gari a gefenka. Mai cinikin hatsi a Dawanau ya nufi Kurna ko Rijiyar Lemo. Mai raka yaro Jami'ar Bayero ya nemi Kabuga ko Rijiyar Zaki. Wanda zai je Dawanau ya kwana a Mariri, kafin ya ratsa gari an sayar da buhunan, an share rumfa.

2. Kada ka amince da "ai nan kusa ne". A bakin Bakano, kusa na iya zama hawa biyu da tafiyar ƙafa mai sa gumi. Tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ce ƙafar baƙo, kowane hawa kuma da kuɗinsa. Don haka tambayar da za ka yi ita ce: "Hawa nawa ne, kuma nawa ake biya?"

3. In ba ka da tabbacin ranar gamawa, tsaya a gabas. Mariri da Hotoro suna kan hanyar Maiduguri, wato hanyar gida. Da kira ya zo cewa akuya ta shiga gonar maƙwabci, ka tsallaka titi ka tari motar Wudil.

4. Cikin ganuwa daɗi, amma a shiga da rana. Mai son ganin Hawan Daushe, ko marinar Ƙofar Mata, ko Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, babu inda ya fi masa Mandawari, Jakara ko Dala. Sai dai lungu ba ya karɓar kwatancen waya. "Bayan masallaci, kusa da mai shayi" ya dace da gida ɗari. Ka riƙe sunan maigida haɗe da laƙabinsa da sana'arsa, domin Alhaji Sani kaɗai ya cika sahu guda. Sannan ka tambayi dattawan bakin zaure, matambayi ba ya ɓata.

5. Nasarawa da Bompai sai an shawarci aljihu. Akwai otal, akwai bishiyoyi, akwai shiru. Amma da safe kana iya taka layi uku ba ka ga mai ƙosai ba, sai ƙofofin ƙarfe da maigadi. In kuɗin kwana zai cinye ribar tafiya, falon ɗan'uwa da tabarma sun fi.

6. Kafin ka ajiye jaka, bincika abu uku: ruwa, sauro, masallaci. Inda 'yan garuwa ke shawagi, ka san wankanka ma kuɗin maigida ne, sai ka taƙaita. In damina ce kuma unguwar na da kwata, gidan sauronka ya riga hularka shiga jaka.

7. Kiyaye haƙƙin mai masauki. Yi waya kafin ka taso, kada a ji sallamarka bayan an rufe gida. Ɗan birni komai saye yake, har itacen girki, saboda haka kwanon gero, daddawa ko zabuwa guda ba ƙaramin abu ba ne a wurin uwargida. Baƙunci kwana uku ne. Ka gama abin da ya kawo ka, ka yi godiya, ka kama hanya tun ana cewa "haba, tun yanzu?" Wanda ya tafi a kan wannan gaɓar, duk unguwar da buƙata ta sake kai shi zai tarar da shimfiɗa.