Kowa Ya Zo, Ban Da Mai Saye

Duk wanda ya ce mutanen Tamale ba sa son littafi ya yi mana ƙazafi. Muna son littafi so mai tsanani, har ba ma yarda mu buɗe shi don kada ya tsufa. A kafa rumfuna a farfajiyar Cibiyar Al'adu ko a harabar wata makaranta, a yi shela cewa marubutan gida za su baje kolinsu, sai ka ga babura sun cika fili, na maza da na mata, batakarin da aka ajiye don bikin Damba duk ya fito shan iska.

Babban baje kolin littattafai na ƙasa dai a Akra ake yin sa tun 1996, kuma hukumar UNESCO ta naɗa Akra sarautar birnin littafi na duniya na shekarar 2023. Mu da ke nesa da wajen kilomita 600 a rediyo muka ji labarin naɗin, muka ce Allah ya taya riƙo. Rabonmu ƙananan taruka ne, amma a wajen tsari ba mu yarda wani gari ya fi mu ba.

Katin gayyata ya ce ƙarfe 9 daidai. Ƙarfe 9 ɗin marubuci ne kaɗai a wurin, shi da mai hayar kujeru da ke jiran cikon kuɗinsa. Shugaban taro zai iso dab da azahar, a tashi tsaye a yi masa tafi saboda ya daure ya zo. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya ƙara tasa. Sai makaɗan Dagomba su shigo da kalangunsu, su jero kakannin manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kuɗi na sauka a goshi. A lura da kyau, a duk taron nan makaɗi ne kaɗai mai adabin da ake biya hannu da hannu.

Daga nan sai mai sharhi, galibi wani malamin jami'a da aka kai wa littafin jiya da daddare. Zai yaba bango, ya yaba farin takarda, ya sanar da jama'a adadin shafuka. Ragowar lokacin kuwa labarin yadda ya sha sanyi a Jamus wajen neman digirinsa na uku ne.

Sannan a zo kan gundarin taro, wato gwanjon kwafin farko. Mai gabatarwa ya ɗaga littafin sama, an naɗe shi da kyalle mai sheƙi. Wani Alhaji ya ce sidi 2,000. Wani ya ce 5,000, yana satar kallon inda mata suka zauna. Sai Honarabul ya gyara hula, ya karɓi makirfo, ya ce shi da iyalinsa da ɗaukacin al'ummar mazaɓarsa sun saya a kan 10,000. Guɗa ta tashi, kalangu ya ɗauka, marubuci ya share ƙwalla, matarsa ta fara lissafin kwanon rufi. Honarabul ya rungume shi, ya raɗa masa a kunne: "Malam, ka ga sakatarena ranar Litinin."

Wannan Litinin ɗin ba ta cikin kalandar Bature, ba ta cikin ta Hijira. Marubuci ya je, a ce Honarabul ya tafi Akra. Ya koma, a ce yana Yendi wajen jana'iza. Ya buga waya, sakatare ya ce tun shekaranjiya suke ta ƙoƙarin turowa ta momo, wato ta waya, sabis ne ba kyau, ya ƙara haƙuri. Kafin wata uku kuɗin yalo-yalon da ya kashe wajen zarya sun isa a buga wani ƙaramin littafin. Shi kuma mai injin bugawa na Kumasi, wanda aka yi wa alkawarin biya "da zarar an ƙaddamar", ya riga ya ga hotunan taro a Facebook, ya ga 10,000 ɗin nan da idonsa, kuma ba ya jin Hausa balle a ba shi haƙuri da ita.

A koma teburin sayarwa, inda ƙananan masoya suke. Ga kawu ya iso da sandarsa: "Kai ɗan nan, ni da na riƙe ƙafar ragon sunanka, ni zan sayi littafinka?" An ba shi. Ƙanwa ta ce, "Yaya, ina nawa? Ka sa min hannu." An ba ta, ta karɓa wa ƙawarta. Abokin makaranta ya ɗauka, ya manna a ƙirji, ya sa a ɗauke shi hoto ta kusurwar da agogonsa zai fito, ya ajiye, ya ce, "Mutumina, ka turo min ta WhatsApp." Kafin la'asar hoton ya hau intanet da taken cewa karatu shi ne ginshiƙin ci gaban Arewa.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai ciniki. An ce masa sidi 50. Ya ɗora littafin a tafin hannu yana jinjina nauyinsa kamar mai sayen doya a kasuwar Aboabo, ya ce, "Wannan ɗan siririn? Sallama 15." Marubucin da ya yi shekaru yana rubutu da fitilar waya ya ce albarka. Mutumin ya girgiza kai don takaicin tsadar rayuwa, ya tsallaka titi, ya sayi gasasshiyar zabuwa ba tare da ya nemi ragi ba.

Kada a ce ba a ciniki sam. Teburin tambayoyin jarrabawar BECE da WASSCE na shekarun baya ba ya rabo da layi. Littafin fassarar mafarki ma yana tafiya. Mai wake da shinkafa kuwa tun kafin shugaban taro ya iso ta kife tukunya.

Abin da ba ya wuce kowane mai jawabi shi ne tarihi. Dole a ambaci Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Malamin nan ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami, almajirai suka riƙa kwafa da tawada da alƙalamin kara, rubutun ya yi ta yawo a zango-zango babu shugaban taro, babu gwanjo. Mai jawabi zai buga ƙirji ya ce mu jikokinsa ne. Ka tare shi a bakin mota ka nemi sunan waƙarsa guda ɗaya, nan take za a kira shi a waya. A 2018 Ayesha Harruna Attah ta fitar da ƙagaggen labari a kan Salaga ta zamanin cinikin bayi, har an fassara shi zuwa harsunan Turai. Mu maƙwabtan Salaga muna nan muna jiran a yi fim ɗinsa.

Mu 'yan zango muna da uzurinmu na musamman: "Ai da da Hausa aka rubuta, da tuni na cinye shi." To, miƙa masa Magana Jari Ce. Layi biyu zai yi, ya ci karo da ƙ da ɗ masu lanƙwasa, ya maido maka, ya ce wannan Hausar Najeriya ce, ta yi zurfi. A nan dai yana da 'yar gaskiya, don ofishin harsunan Gana da aka kafa a 1951 harsuna 11 yake bugawa, akwai Dagbani da Gonja, babu Hausa. Sai dai maƙwabcinsa Badagombe, wanda aka buga nasa harshen, in ka ba shi littafin Dagbani cewa yake ya fi sauri da Turanci. In ka kawo na Turancin, ya bar tabarau a gida.

Su ma marubutan ba za su tsira ba. Mutum ɗaya shi ne marubuci, shi ne kamfanin bugawa, shi ne ɗan talla, editansa kuwa ɗan yayarsa ne da ya gama sakandare bara. Rabin teburin tarihin rayuwar manyan da ba su gama rayuwar ba ne, sauran rabin sirrin yin arziki daga alƙalamin wanda ya zo da babur ɗin aro. Su goma za su wuni a jere suna kukan cewa jama'a ba sa saye, kuma babu ɗaya da zai zaro sidi ya sayi na ɗan'uwansa. Da yamma sai su yi musaya, kowa ya koma gida da kwalinsa cike yadda ya zo da shi, sunayen bango ne kawai suka canza.

Badi in an sake kafa rumfa, Honarabul zai dawo, wannan karon ya sayi kwafin farko a kan 20,000, tunda tattalin arziki ya motsa. Marubucin bara yana layin gaba yana tafi da ƙarfi, don an ce sakatare yana rubuta sunayen waɗanda ba su tafa ba.