Faifai Ya Hau Bango

Da can aikin faifai bai wuce bakace da rufe ƙwaryar fura ba. Da roba ta shigo gari sai muka ce kayan ƙauye ne, muka wurga shi bayan rumbu. To ga shi yanzu ya dawo da girmansa. Masu ƙawata gidaje a Kano da Abuja suna jera shi a bangon falo, har da 'yar fitila tana haska shi, kamar hoton gwamna a ofis.

Wata Hajiya ta shiga Kasuwar Kurmi ta kwaso bakwai, ta biya marinar Ƙofar Mata ta sayo shuɗi aka ɗinka wa filo riguna. Filon na kallo ne kawai. Baƙon da ya jingina da farar shadda zai tashi da shaida a gadon baya.

Goggonta ta zo daga ƙauye, ta daɗe tana duban bangon, sannan ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ƙwaryar ce ta ɓata kuka rataye marfin?"

Mai karatu, kada ka yar da tsohon akushin gidanku. Shi ma ranarsa na tafe, kuma da tsada zai dawo.