Shaidar Taubashi

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairun 2016 kasuwar Filinge ta haɗu da zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa. Na yi sammako zuwa lakwal ɗin unguwarmu da niyyar in dangwala in wuce kasuwar awaki kafin dillalai su ɗaga farashi. Layi na tafiya, na laluba aljihun jamfa, sai hannuna ya fito da wani dunƙule fari. Katin ɗan ƙasata ne. Uwargida ta wanke jamfar jiya har da shi, ta kuma sa guga.

Shugaban biro, wani mushe mai tabarau, ya juya abin da bakin alƙalami ya ce wannan sai dai a dama fura da shi. Amma ya kwantar mini da hankali: a zaɓen bana an yarda wanda sunansa ke cikin jeri ya yi zaɓe in ya kawo shaidu biyu, abin da 'yan adawa suka yi ta kuka da shi. Limamin unguwa ya tsaya mini nan take. Na waiga neman na biyu, duk layin mata ne da baƙin fuska, sai mutum ɗaya yana tauna goro yana murmushi, ɗan gwaggona, taubashina, wanda ke bina jika biyu tun Sallar layya.

"Ka san wannan?" in ji mushe.

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Wanga? Ya yi kama da wani bawana da ya ɓace mini da jika biyu. Amma wancan ya hi wanga kunya."

"Haba ɗan gwaggo, a gaban mutane?"

"Ido ya tsuhwa, ɗan kawu. Sai an wanke shi."

Mata suka fashe da dariya, har jandarman bakin ƙofa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin 'yan takara 15 da ke kan takardar akwai Hama Amadu, wanda a ranar yana tsare a gidan kason garin nan namu, kuma hotonsa na nan raɗau ba wanda ya ce a kawo masa shaida. Ni da aka yanke wa cibiya a Kurfai, ina yawo a sake, ni ne ba a sani ba.

Kuɗin akuya na ɓalle na ƙirga masa jika biyu. Idonsa ya washe nan take, ya rantse ya san ni tun ina yawo ba wando, ya shiga ba da labarin ranar kaciyata sai da mushe ya ce shaidar ta isa haka.

Da aka tafi zagaye na biyu ranar 20 ga Maris tsakanin Isufu Mahamadu da Hama, adawa ta ce a ƙaurace. Da asuba sai ga sallama a ƙofar gida. Taubashina ne, ya zo jin ko uwargida ta yi wanki.