Kawuna Dubu, Duk Ƙwal-kwabo

Ni dai hanya nake son in wanke a nan, don an daɗe ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Magidancin da ya ƙudurta kwasar iyalinsa a mota daga Cennai zuwa ɗakin bautar Venkateswara da ke kan duwatsun Tirumala, a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, su je su dawo a yini guda, duk fargabarsa kwalta ce: taya, mai, go-sulo. Alhali kilomita 135 ne ko kusa da haka zuwa Tirupati, garin da ke gindin duwatsun, awa uku zuwa huɗu in an yi sammako. A shingen Alipiri a sauke kaya a bincika, sannan a hau dutse kusan kilomita 20. Nan ma an riga an yi masa lissafi: ba a yarda mota ta hau a ƙasa da minti 28 ba, saukowa kuma minti 40. Tikitin rufi 300 na layin gaggawa tun watanni baya ya saya ta intanet. Komai daidai, komai a rubuce, komai a cikin wayarsa. To, nan gizo ke saƙar.

Ba a shiga ɗakin bautar da waya, ba a shiga da takalmi. Sai a miƙa su a rumbun ajiya a karɓi shaida. Akwai kuma ƙa'idar sutura, shi ya sa mutumin namu ya ɗaura doti, zanen maza na can, ya yafa mayafi, kuma ba aljihu a ko ɗaya. Shaidar ajiya sai jakar uwargida. Kafin wannan duka an biya ta Kalyanakatta, inda wanzamai ɗaruruwa, maza da mata, ke aske kan masu cika alwashi dare da rana, gashin kuma hukumar wurin ta yi gwanjonsa. Shi an aske shi, ɗansa an aske, surukarsa ma ta ba da nata. Kowace ƙa'ida a nan tana da dalilinta, ban ga abin kushewa a cikinsu ba. Haɗuwarsu a kan mutum ɗaya ita ce masifar. Bayan awanni a layi, ganin abin bautar daƙiƙa kaɗan ne, ma'aikata na tura mutane gaba, don wurin yana karɓar mutum dubu 60 zuwa dubu 80 a ranar da ba biki. Igiyar jama'a ta shigo da iyali a dunƙule, ta fitar da su ɗaiɗai.

Yanzu a tsaya a dube shi da kyau, don wannan minti ɗin ne hujjata gaba ɗaya. Ga shi a waje, ba takalmi, ba waya, ba ko anini, hannu ɗaya riƙe da bakin dotin da ya soma kwancewa. Ya ɗaga kai neman ɗansa, sai ya ga kawuna iya ganin ido, duk ƙwal-kwabo, da yawa an shafe su da kwaɓin itacen sandal mai ruwan ɗorawa, suna sheƙi kamar an baza ƙwai a faifai. Shekara nawa yana gane yaron nan daga nesa, ashe da suma yake gane shi. Can ya hango ƙeyar da ya tabbatar tasa ce. Ya kutsa, ya taka ƙafar wata tsohuwa, ya cafki hannun yaron, ya fara faɗa tun kafin ya juyo da shi: “Ban ce ka riƙe zanen uwarka ba?” Yaron ya juyo. Ba shi ba ne. Abin da ya fi muni, bai saki hannun nan take ba. Ya ƙara leƙa fuskar, wai ko aski ne ya sauya ta. Yaro ya kwarma ihu, uban yaro na gaskiya ya iso, shi ma ƙwal-kwabo, ya tsaya yana kallon hannun baƙo a wuyan hannun ɗansa. Mutumin da ya lissafa har mintin shan shayi a hanya ba shi da kalma ɗaya ta Telugu, harshen wurin, da zai ba da haƙuri da ita, Tamil kawai yake ji. Ya ɗaga hannu biyu don roƙon gafara, ya manta aikin da ɗayan hannun ke yi.

Na san za a ce ai da sun yi alƙawarin wurin haɗuwa. Sun yi mana: wajen karɓar laddu, alewar nan da aka yi wa rajistar asali a 2009, wadda ake ba kowane mai ziyara guda kyauta. Sai dai babu iyalin da bai yi wannan dabarar ba, don haka duk ɓatattun Tirumala can suke, kowa na leƙen ƙeyar kowa. Wani zai ce a yi cigiya da lasifika. A yi. Amma iyalai da yawa da ke zuwa nan cika alwashi sunan abin bautar suke raɗa wa ɗansu, kuma in aka kira Srinivas ko Balaji, ba a rasa yara goma da za su waiwayo. Masu cewa a kwana a can su ne suka fi kusa da gaskiya, sai dai sun rushe tafiyar yini guda ke nan, sun dawo layina ba su sani ba.

Abin da ba ya cikin kowane tsari, kuma ba ya taɓa fashi, shi ne dattijon da ke zaune a gefe yana cin laddunsa a tsanake. Irinsa ya zo sau ba adadi, ba abin da ke ɗaga masa hankali. Ya bari mutumin namu ya gama ɗaure doti, sannan ya yafito shi.

“Ɗana, wa ka rasa?”

“Yarona, Baba.”

“Yaya kamanninsa?”

“Ɗan shekara bakwai ne, an yi masa aski.”

Dattijo ya gyaɗa kai, ya waiga dama, ya waiga hagu, da gaske yake dubawa. “Kash, da ka bar masa ɗan tukku.” Ya gutsiri laddu, ya tauna, ya yi dogon nazari, fuskarsa ta washe.

“Ka kira uwar tasa a waya mana.”