Lagireto da Fanka Bayan an Sauya wa Akori-kura Inji

Akori-kura ita ce Peugeot 404 ko 504 mai buɗaɗɗen baya, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. A Mubi irin wannan mota ba ta ritaya. Idan injinta ya buga, sai a samo na Beljiyam, sau da yawa wanda ya fi na asali ƙarfi, a ɗora mata. Abin da ake mantawa da shi a lissafi shi ne lagireto.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ke ƙonawa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Babban inji zafinsa babba ne, lagireton kuwa na ƙaramin inji aka ƙera. Ba a gane haka a gareji, domin a can motar ba ta ɗauke da komai sai albarkar da bakanike ya sa mata. Sai an loda mata buhunan masara, da akuyoyi a sama, an kama hawan Sahuda wajen iyakar Kamaru a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, sannan hayaƙi ya turnuƙe daga bonet. A nan direba kan ce wa yaron mota, "Kai, ɗauko jarka!" Yaron kuma ya amsa, "Oga, ai fasinjoji sun yi alwala da ruwan."

Matakin farko na gyara shi ne lagireto mai layi uku ko huɗu a madadin mai biyu. Da wuya ya zauna a gurbin tsohon, don haka mai walda kan yanke ƙarfen gaba, wani lokacin har bonet ya daina rufuwa sai da igiya.

Fanka ta fi rikici. Ta asali fambel ke juya ta, saboda haka a cunkoson ranar kasuwar shanu, inda mota ke rarrafe, ita ma rarrafen take yi. Shi ya sa ake ƙara ta lantarki. Amma wayoyinta biyu ne, kuma idan aka juya su, fankar ma juyawa take: maimakon ta zuƙo iska ta cikin lagireto, sai ta tura ta waje. A tsaye komai lafiya lau. Da an ɗauki hanyar Hong, iskar hanya da ta fanka su yi karo, injin ya tafasa, bakanike kuma ya rantse cewa sammu aka yi wa motar. Takardar da aka kara a gaban lagireto ta isa ta raba gardama: idan ta manne, an haɗa daidai.

Saura murfi. Ruwa na tafasa a maki 100, amma murfi mai kyau kan riƙe matsi ya kai shi wajen 120. Wanda ya toshe bakin da tsumma ya yafe wannan ragowar. Ɗigo kuwa, wasu kan fasa ƙwai ko su zuba garin barkono a ciki. Yana toshe ɗigon, ya toshe layukan lagireton gaba ɗaya, motar kuma ta shiga Maiha tana ƙamshin teburin mai shayi.